Kwakwa Bakwai a Ƙofar Gidan Venancio

Eulogia Banguera ba ta taɓa karɓar kifi ba tare da ta ɗaga masa kunne ta shinshina ba, ko da a gabanta aka fito da shi daga ruwa yana wutsil-wutsil. Haka Allah ya yi ta. In ka gaishe ta da fara'a, sai ta wuni tana tunanin abin da kake nema a wurinta. In ka gaishe ta a daƙile, ta ce dama ta sani. Mu mutanen La Vuelta mun saba har mun daina jin zafi. Mijinta ma, bawan Allah wanda bai taɓa yi mata ƙarya ko ta wasa ba, ya mutu ba ta gama yanke shawara a kansa ba.

Ba za a ga laifinta duka ba. A bakin ramin zinariya ta yi rarrafe, tun tana ƙarama uwarta ta ɗora mata akushin wanke tsakuwa a hannu, kuma tun daga lokacin take tsaye cikin ruwa iya gwiwa, a sunkuye, tana juya akushi har baƙin yashi ya taru a tsakiya, ta duba ko akwai ɗan ƙyalli a ciki. Mai wannan aikin yakan koyi duba abu sau biyu. Ta haifi huɗu, ruwa ya ci ɗaya, sauran suka tafi birnin Cali suka bar mata jikoki biyu da alkawarin aike. Lokacin da wannan labari ya faru ta haura sittin, bayanta ya lanƙwashe, kuma ramin nan shi ne cinta da na yaran.

Zinariyar rafinmu ba ta kowa ba ce sai zuriyar Venancio Ocoró, wanda ya fara sare dajin. Shi ne tushe, 'ya'yansa su ne rassa, kowane reshe da yankinsa na gaɓar tsakuwa. Duk wanda ya iya jan sunansa daga uwa ko uba har ya kai shi ga Venancio, yana da wurin tsayawa a yankin reshensa, ko a ina aka haife shi. Wanda bai iya ba, sai dai ya yi kallo daga kwalekwale.

Labarin Venancio kuwa ko jinjiri ya san shi. Da aka 'yanta bayi, sai ya bar ramin zinariyar ubangidansa ko waiwaye bai yi ba, ya sassaƙa kwalekwale da hannunsa, ya ɗauki matarsa Ruperta, da gatari, da 'ya'yan ayaba na dashe, da garwashi a tukunya, suka yi ta hawan kogin Timbiquí har suka shiga rafin da babu hayaƙin kowa. A nan ya kashe damisa da adda, damisar da kowace shekara take ƙara tsawo a bakin masu ba da labari. Ya kafa gida kan dirkoki a daidai gwiwar ruwa, inda rafin ya yi kwana, ya haifi 'ya'ya. A wurinmu in an haifi yaro, ana binne cibiyarsa da mabiyiya a ƙofar gida, a dasa kwakwa a kai. Itacen na yaron ne har abada, in ya tsufa ya faɗi a dasa 'yarsa a gurbin, sunan bai canja ba. Gidan Venancio ya daɗe da rushewa, amma kwakwa bakwai na nan a jere, kuma su ne shaidarmu. Ba mu da wata.

Matsalar ita ce 'ya'yan da ake lissafawa shida ne. Kwakwa ta bakwai ta Jacinta ce, kakar Eulogia, matar Aquilino ɗan Venancio. Mu muna cewa an dasa mata ne don maraba da amarya, ba cibiya a ƙarƙashi. Mutanen gangaren kogi, waɗanda ba su da aiki sai sa ido, suna cewa ba a taɓa dasa wa amarya kwakwa a kogin nan ba, bakwai Venancio ya haifa, biyu suka auri juna. Masu auren ƙannensu, haka suke kiranmu a kasuwa in an sha giyar rake. Eulogia ta taɓa fasa wa wata mata baki da filafilin tuƙa kwalekwale saboda wannan maganar, kuma abin yana ci mata rai fiye da yadda take nunawa.

Wata safiya da ruwan sama ya ɗan tsagaita, kwalekwale mai inji ya sauke wani mutum da mace mai tsohon ciki. Farin takalmi ne a ƙafarsa, a cikin taɓon La Vuelta. Ya ce sunansa Wilfrido, daga Buenaventura, aikin dako a tashar jiragen ruwa ya ƙare masa, matarsa kuma Luz Dary. Bai tambayi kowa hanya ba. Ya wuce kai tsaye zuwa jerin kwakwar, ya dafa ta uku daga bakin ruwa, ya ce, "Wannan ta Benilda ce, kakar mahaifiyata."

Ta Benilda ce kuwa. Benilda ta bar rafin tana budurwa, ba a sake jin ɗuriyarta ba, yankinta kuma da yake yana manne da na Aquilino sai aka haɗe su. Eulogia ce ke aiki a duka biyun. Nata na gado ya daɗe da komawa farar tsakuwa, ɗan abin da take samu duk a ɓangaren Benilda yake. Tana tsaye da akushi a ƙugu ta ji maganar baƙon, ta ji kamar an janye tsanin gida tana sama.

Ya zo ya rusuna mata. "Gwaggo, an ce ke ce jikar Aquilino. Ashe jini ɗaya muke."

"Wa ya ce?"

"Mutane, a hanya."

"Mutane suna da suna. Wanda ya nuna maka itacen fa, shi ma mutane ne?"

"Ba wanda ya nuna mini, Gwaggo. Kakata ce take faɗa kullum, ta uku daga ruwa."

"To, ajiye gwaggon tukuna, kada ta lalace kafin lokacinta."

Baudilio, ɗan'uwanta daga wani reshe, wanda shi ke raba gardamar rami a lokacin, ya ce a zauna ranar Lahadi ta sama a gindin kwakwa, kowa ya kawo abin da ya sani. Kafin nan aka sauki baƙin a ɗakin ajiyar makaranta.

Eulogia ba ta yarda da ko kalma ɗaya ba. Ta duba kunnuwansa, ba irin nasu ba ne. Ta duba yadda yake riƙe adda, kamar mai riƙe cokali. Cikin matar ma sai da ta ƙura masa ido, ko tsumma ne. Ta tafi gidan Crisanta, wadda ta riƙe mata 'yarta ta fari ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna komadre. Ta same ta tana kankare kwakwa.

"Komadre, wa kike jin ya sayar masa da sunan Benilda?"

"Ni ce. Da ƙwai biyu."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani, ai ban taɓa ganin kina yi ba. Yaron nan ya san ta uku daga ruwa, ya san Benilda gurguwa ce a ƙafar hagu. Me kuma kike so, ya tono cibiyar ya kawo miki a ganye?"

Eulogia ta ce, "In an iya dasa wa kakata kwakwa ba 'yar gida ba, an iya dasa wa Benilda."

Crisanta ta ajiye abin kankarar. "Komadre, wannan ramin da kike shirin haƙawa kusa da dirkar gidanki yake."

"Gidana ne ai."

Washegari ta bar jikokin wurin Crisanta, ta ɗauki gora da filafili, ta hau rafi. Nufinta ta bi tsofaffin rassa gida-gida, ta tattaro rayuwar Venancio daga farko, ta gano inda Benilda ta shigo. Abin da ta samo ya fi kama da kayan gwanjo. Wani tsoho ya ce Venancio dogo ne har yana sunkuyawa a ƙofar coci, wata ta ce gajere ne mai faɗin ƙirji. A wani gida aka ce yana da tabon bulala a baya, shi ya sa ba a taɓa ganinsa ba riga ba, a gida na gaba aka ce bai taɓa mallakar riga ba. Wani ya rantse damisar alade ne na daji, kuma Ruperta ce ta kashe shi. Eulogia tana ji tana taɓe baki, ta lura kowa yana ba Venancio siffar gidansu ne, dogaye su ce dogo, gajeru su ce gajere.

Wannan ne ya fara damunta. Shekara sittin tana ganin mutanen nan, ba ta taɓa jera su a ranta ba sai yanzu. Reshen Baudilio dogaye ne baƙaƙe wuluk. Reshen bakin kwari gajeru ne masu gashi mai santsi kamar na mutanen tsauni. Nata reshen masu wushirya ne da faffaɗan goshi. Ba reshe biyu da za ka ce uwa ɗaya ta goya kakanninsu. Abu ɗaya kawai kowa ya yarda da shi: da Venancio ya manyanta, a gwiwar ruwa yake wuni bayan aiki, yana kiran duk kwalekwalen da ya gifta, a tsaya a ci ayaba. Mutum ne mai son baƙi, in ji su. Eulogia ba ta taɓa ganin wanda ke kiran baƙi don Allah kawai ba, sai ta riƙe wannan.

Gida na ƙarshe kafin duwatsu na Iya Tiburcia ne, wadda ba wanda ya san shekarunta, har ita. Tana amarya ta koyi ungozomanci a hannun Ruperta da kanta. Eulogia ta same ta zaune a bakin tsani, siririya kamar busasshen rake, tana shan taba yadda tsofaffin matanmu ke sha, wutar a cikin baki.

"Wace ce? Na ji tafiyar masu wushirya."

"Eulogia ce, Iya, 'yar Fermina."

"Mai shinshina kifi. Hau. Me aka sace miki?"

"Ba a sata ba tukuna."

Ta ba ta tabar da ta kawo mata, ta yi ta kewaye-kewaye, lafiyar ƙafa, tsadar gishiri, kafin ta kai ga tambayar. "Iya, Benilda 'yar cikin Ruperta ce?"

Tsohuwar ta zare tabar daga baki. "Benilda? A'a. Uwarta wata ce daga kogin Saija, suna wucewa da mijinta za su nemi wuri, naƙuda ta kama ta a gwiwar ruwa. A ɗakin Ruperta ta haihu, a ƙofar aka binne cibiyar."

Daɗi ya rufe Eulogia har sai da ta dafa dirka. Ta samu abin da ta zo nema, kuma da ta tashi a lokacin da ta koma gida da ramin nan nata ita kaɗai. Amma hali ya hana. Amsar ta zo da sauƙi, ita kuma ba ta yarda da abin da ya zo da sauƙi ba.

"To me ya sa ake lissafa ta cikin 'ya'ya?"

"Don 'ya ce. Kamar sauran."

"Kamar sauran yaya?"

Iya Tiburcia ta yi dariya, tari ya sarƙe ta, ta tofar ta tsagar katakon daɓe. "Ke yarinya, Ruperta ba ta taɓa yin ko ɓari ba. Ita ta faɗa mini da bakinta muna yi wa wata wankan jego. Wani duka aka yi wa Venancio a ramin ubangidansa yana saurayi, daga nan haihuwa ta ƙare masa. Suka zo nan, suka sare daji, ayaba ta yi, zinariya ta fito, ba kowa sai su biyu da kukan kwaɗi. Mutum zai yi wa wa? Shi ya sa ya koma gwiwar ruwa. Lokacin mutane na ta hawan koguna, an sake su ba su da wurin zuwa. In ya hango mace mai ciki a kwalekwale, ba ta wucewa. Ya ce ku sauka, ruwan gaba ba kyau, matata ungozoma ce. Su zauna har a haihu. Shi da kansa yake haƙa ramin cibiya, ya dasa kwakwar, ya ce wannan nawa ne, ga yankinsa can. Wasu iyayen suka zauna, wasu suka wuce suka bar yaron, wasu suka mutu."

"Duka?"

"Duka bakwai."

"Aquilino fa?"

"Uwar Aquilino ta mutu a haihuwar, ubansa ya wuce. Jacinta kuma 'yar wasu ce daga bakin teku, wata ɗaya tsakaninsu. Da suka girma suka so juna, Venancio ya fi kowa rawa a bikin. Me zai hana? Ko nono ɗaya ba su sha ba."

Eulogia ta zauna a kan katako. Abu biyu suka zo mata tare, ba ta san wanda za ta fara kamawa ba. Kakanninta ba su yi abin kunya ba, duk zagin da ta sha tun tana yarinya a banza ta sha shi. Kuma ita, da Baudilio, da duk mai akushi a rafin nan, ba wanda ke da ɗigon jinin Venancio, daidai suke da mai farin takalmi.

Sai halin ya dawo. "Iya, baƙon nan ya zo nan?"

"Wane baƙo?"

"Ba wanda ya kawo miki taba kafin ni?"

"Ke dai Fermina ta sha wahala da ke."

"In gaskiya ne, me ya sa ba wanda ya sani?"

"Da kowa ya sani. Sai 'yan kamfanin katako suka fara zuwa suna tambayar ƙasar wa ce, aka ga gara a ce ta gado ce daga uba ɗaya. Iyayenku suka daina faɗa, ku kuka daina sani. Sai kuka tsaya kuna ƙirga kwakwa kuna cewa duk mai itace ɗan ciki ne, kuka ƙirga har kuka aurar da wa da ƙanwa." Ta mayar da tabar baki. "Ni ba wanda ya tambaye ni."

A hanyar dawowa ruwa ne ke tura kwalekwalen, Eulogia ba ta da aiki sai tunani. Ta juya maganar ta kowane gefe tana neman tsaga, ba ta samu ba, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta so a ce ƙarya aka yi mata. Kafin ta iso gida ta yanke shawara. Za ta faɗi rabi: Benilda 'yar masu wucewa ce, Iya Tiburcia shaida. Ba ƙarya a ciki. Sauran kuma ta haɗiye, ta ci gaba da zama jikar masu auren ƙannensu, tunda da wannan sunan ake cin abinci.

Ranar Lahadi aka taru a gindin kwakwa bayan addu'a, maza a kan kututture, mata a tsaye da lema ta ganyen ayaba. Wilfrido ya jero sunayen kakanninsa har zuwa Benilda bai yi tuntuɓe ba. Luz Dary na zaune a gefe, ƙafafunta sun kumbura. Baudilio ya juyo. "Yaya Eulogia, an ce kin hau rafi. Me kika samo?"

Ta faɗi rabin nata, a tsanake, kamar yadda ta shirya. Wilfrido ya sunkuyar da kai, matarsa ta kama hannunsa. Baudilio ya fara gyaɗa kai, kuma da an bar maganar a nan da ta ƙare.

Amma akwai wani suruki daga gangare, mijin ƙanwar Baudilio, wanda ya karya da giyar rake. Ya ce, ba da ƙarfi sosai ba, daidai yadda kowa zai ji, "Ikon Allah. Yau gidan Aquilino ne ke tace jini. Ai su nasu ba ya fita waje, shi ya sa ya yi kauri."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake rufewa da hannu. Eulogia ta sha jin wannan, ta sha haɗiyewa, ta sha ramawa da filafili. Amma a da ba ta da amsa, yau kuwa amsar na cikin bakinta da zafinta. Ta juya gare shi.

"Jacinta ba ƙanwar Aquilino ba ce."

"To, amarya ce mai kwakwa, mun ji."

"Ba amarya mai kwakwa ba ce. Cibiyarta na nan ƙasa, tasa ma na nan. Uwarta daban, uwarsa daban, ubanninsu daban. Venancio bai haifi Aquilino ba. Bai haifi Jacinta ba, bai haifi Benilda ba." Ta nuna itatuwan ɗaya bayan ɗaya da bakin addarta. "Bai haifi kakanka ba, Baudilio. Bai haifi kowa ba. Tsinto mu ya yi daga kwalekwale."

Ta faɗi duka, dukan da aka yi masa, da zaman gwiwar ruwa, da rawar biki. Tana gamawa ta ji wani sanyi a ƙirji wanda ba ta taɓa ji ba, ta ɗaga kai tana jiran a yi murna da ita, an wanke mata kakanni, an wanke garin duka.

Ba wanda ya yi murna. Kallon da ta saba yi wa mutane shi ta gani a kowace fuska.

Baudilio ya miƙe a hankali. "Yaya, don 'yar gaɓar tsakuwa za ki mayar da mu duka 'ya'yan hanya? A gaban surukai?"

"Ku tambayi Iya Tiburcia."

"Za mu tambaya."

Suka tura mutum biyu. Suka dawo suka ce tsohuwar ta ce ita ta tsufa, kanta ya zama rariya, abin da take tunawa kawai shi ne damisar, kuma babba ce ƙwarai. Ko haka ta faɗa, ko haka suka ga ya dace su dawo da shi, ba mu sani ba, ta rasu kafin ƙarshen shekara. Dattawa suka ce macen da za ta iya ƙaga wa tushe duka wannan sharri, abin da ta faɗa kan Benilda ma ba abin kamawa ba ne. Aka karɓi Wilfrido a matsayin jinin Venancio, aka mayar masa da yankin Benilda.

Ni dai ina ganin da yawansu sun gane gaskiya ce tun a gindin kwakwar, ai suna da idanu, sun ga gashin juna. Amma sun gwammace zagin kasuwa da a ce ba su da uba, kuma ban ce ba su da hujja ba, don 'yan katako ba su daina zuwa ba. Haushina ɗaya ne, yadda suka ɗora nauyin abin duka a kan mace ɗaya. Aka daina kiranta raba gardama. In ta zo wanki sai hira ta mutu. Crisanta kaɗai ke hawa tsaninta, ita ma cewa take, "Komadre, ni ban ce kin yi ƙarya ba, ban kuma ce na ji ba."

Ranar da aka raba ramin, ita ta ja igiyar da kanta, don ba ta yarda wani ya ja ba. Wilfrido ya zo ba takalmi, da sabon akushi da bai san yadda ake riƙe shi ba. Ya jira mutane suka watse.

"Gwaggo, abin da kika faɗa, gaskiya ne?"

"Me ya dame ka? Ka samu."

"Ina so in sani ne."

"Gaskiya ne."

Ya dubi igiyar. "To ba ni da haƙƙi ke nan. In kin ce in bari, zan bari."

Ta dube shi sama da ƙasa tana neman inda dabarar take. Ta nema sosai, ba ta gani ba, abin ya ba ta haushi. Ta yi tsaki. "Kakana ma haka aka ba shi nasa. Riƙe akushin da hannu biyu, ba farantin shinkafa ba ne."

Shekara tara suka yi suna aiki igiya a tsakaninsu. Ita ta koya masa juya akushi, da zagi. In ya samu yakan zuba mata wani abu a ƙwaryar ajiyarta ya ce ya ga kamar daga ɓangarenta ya gangaro, ita kuma ta karɓa ta ce dama ta lura. Kullum da yamma sai ta duba turakun igiyar ko sun matsa. Ba su taɓa matsawa ba, ba ta kuma taɓa fasa dubawa ba. Ba ta sake ta da maganar Venancio ba, ko ga jikokinta.

Ta rasu da damina mai ƙarfi, bayan gajeriyar jinya. Aka yi mata waƙoƙin rakiya yadda ake yi wa manya, don mutuwa takan sa a yafe. A bakin kabari Baudilio, wanda shi ma ya tsufa, ya ja sunanta kamar yadda aka saba, jama'a na amsawa bayan kowane suna. Eulogia 'yar Fermina, suka ce haka ne. Fermina 'yar Aquilino, suka ce haka ne. Aquilino ɗan cikin Venancio Ocoró, jininsa da tsokarsa. Garin duka ya amsa da ƙarfi, har da jikokinta biyu, har da Crisanta tana kuka.

Wilfrido na tsaye a gaba da shebur, shi ya haƙa kabarin. Baudilio ya dube shi, ya maimaita maganar, ya jira. Mutane suka juyo. Wilfrido bai buɗe baki ba, ya sunkuya ya fara mayar da ƙasa.